Kaza mai cushe da kayan ƙamshin Maroko: a ina ake sa yajin?

Maman Walid:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Surukata ta dawo daga ziyarar Shehu Tijjani a Fas, cikin tsarabarta har da ƙullin wani haɗin kayan ƙamshi da suke ce wa ras el hanut. Ranar Asabar dangin maigida za su taru a gidana yi mata barka da sauka, ina so in yi kazar nan da ake feɗe tsokar ƙirji a cusa mata haɗi, a naɗe, a tsoma a ƙwai da garin burodi a soya. Don Allah a ina ake zuba yajin, cikin garin burodin ko a jikin naman? Kuma me su 'yan Maroko ke cusawa a ciki? Obin ɗina na lantarki ne, kun san halin wuta, wadda ta san hanyar da ba sai da shi ba ta taimaka min.

Hajiya Ta Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya karɓi ziyara, ya ba mu albarkacinta. Ni a garin burodin nake zuba kayan ƙamshina, har da magi da gishiri, don ɓawon ne farkon abin da harshe ke taɓawa. In ya yi lami, ko me ke ciki mai ci ya riga ya yanke hukunci.

Baban Sadiƙ:
Hajiya, da girmanki, a nan kam ban bi ki ba. Na daɗe ina aikin kuku, kuma abin da ya fi ɓata irin wannan kaza shi ne yaji a ɓawo. Man suya yana kai digiri 170 zuwa 180. Garin kirfa da kurkur da jan tattasai ba sa jure wannan zafin, kafin burodin ya yi ja su sun ƙone, sai ɓawon ya fito da ɗigo-ɗigon baƙi da ɗaci-ɗaci, ƙamshin kuma ya tafi cikin mai. Gishiri kaɗai ya ishi garin burodi. Yajin a jikin nama ake murza shi, da tafarnuwa da ɗan mai da ruwan lemun tsami, a bar shi ya jiƙu. Wani kuma a zuba cikin albasar da za a cusa tun tana kan wuta. In ana son ɓawon ya ɗauki wani abu, a sa ɗan kaɗan a cikin fulawa, tunda ita ƙwai da burodi sun rufe ta, mai bai taɓa ta kai tsaye.

Hajiya Ta Fagge:
To ai ni wutata ba na cika ta, kuma ban taɓa jin ɗaci ba.

Baban Sadiƙ:
In kori ne da tayim ɗan kaɗan, za ki iya tsira, Hajiya. Wannan haɗin da ta ambata yana da kirfa da kanumfari, ba sa yafiya.

Ɗalibar Rabat:
Anti Maman Walid, bari in sa baki tunda a can nake karatu, kuma ina yawan cin abinci a gidajen ƙawayena. Kaza mai cushe da suka gada ba ƙirji ake feɗewa ba, kuma ba a sa mata garin burodi. Kaza sukutum ake cika wa ciki, a ɗinke ko a toshe bakin, a turara ta ko a dafa ta da ruwa kaɗan, daga baya a sa ta obin ko a mai ta yi ja. Ita wadda kike nufi, mai ƙwai da burodi, daga Turai ta shigo. Faransa ta riƙe Maroko daga 1912 zuwa 1956, girkinsu ya zauna a birane, har yau ana yin irin wannan naɗin, wanda suke kira kordon bulo, a gidaje da wuraren cin abinci, sai dai maimakon naman aladen da Turawa ke sawa su suna sa kyafaffen talotalo da cuku. To abin da za ki yi haɗin gambiza ne, jikin na Turai, ɗanɗanon na Maroko. Ba laifi ba ne, su ma suna yi.

Abin cushewa kuma iri biyu na fi gani. Akwai mai gishiri: taliya siririya fara irin ta 'yan Sin, a jiƙa ta a ruwan zafi a yayyanka, a haɗa da zaitun, hanta da ƙundun kazar, ɓawon lemun da aka tsuma a gishiri, da wani kwaɓi da suke kira sharmula, wato ganyen kusbara da fasli da tafarnuwa da kumin da garin jan tattasai da ruwan lemo da man zaitun. Akwai kuma mai zaƙi: kuskus ko shinkafa da zabibi da almon da kirfa da ɗan zuma ko sukari.

Wani abu kuma, kada ki ɗauka kowace kaza ras el hanut suke zuba mata. Kazar yau da kullum citta ce da kurkur da masoro da tafarnuwa da albasa mai yawa, wanda ke da hali ya ƙara za'afaran. Ras el hanut sai girki na musamman, kamar muruziya da suke yi da naman layya da zabibi da zuma, ko rafisa da ake yi wa mai jego da kaza da hulba. Yana da ƙarfi, kuma kowane mai shago da nasa haɗin, wani kaya goma sha, wani ya haura ashirin. Ki fara lasa naki ki ji. Ga ƙirji huɗu, ƙaramin cokali biyu ya isa, ɗaya a nama ɗaya a cushe.

Maman Walid:
Kai, Allah ya yi miki albarka ƙanwata, ya ba da sa'ar karatu. Ni da cokalin miya na yi niyyar ɗiba.

Gwaggon Yara:
Ni dai tsaya, zabibi da zuma a cikin kaza? Maman Walid, dangin miji fa kika ce, kuma akwai dattawa. Bakinmu bai saba da zaƙi a nama ba. Nama a wurinmu gishiri ne da yaji da tafarnuwa. Kina ajiye musu kaza mai zaƙi za su gutsura sau ɗaya su ture, su koma kan shinkafa, ki yi asarar kaji da wahala. Kirfa ma a shayi da kunun aya muka san ta. Ki yi mai gishirin, ki watsa attaruhu, kowa ya ci ya yi santi.

Amaryar Bana:
Gwaggo ai duk wanda ya je aikin hajji ko umara ya ci shinkafar Larabawa da zabibi a kai da kaza a gefe, kuma ba a turewa. Ni ina ganin sabo ne kawai.

Gwaggon Yara:
A kan shinkafa daban, 'yata, mutum na iya tsincewa ya ajiye gefe. A cikin tsoka fa? Ina zai tsince?

Ɗalibar Rabat:
Gwaggo tana da gaskiya ta wani gefen. Ranar da aka fara ajiye min bastila, wato kaza da ƙwai da almon a cikin ɓawo siriri, an barbaɗe samanta da sukari da kirfa, sai da na yi jim. Yanzu kuwa ina sonta ƙwarai. Amma zaƙin nasu ba ya tafiya shi kaɗai, akwai albasa da ta dahu ta narke, akwai citta da masoro da ke riƙe shi. In aka kwashe waɗannan aka bar zabibi da zuma, dole ya gundiri mutum. Abin da ban goyi baya ba shi ne a cika attaruhu. Girkin Maroko ba na zafin barkono ba ne, na ƙamshi ne. Attaruhu uku ya shiga, ba wanda zai san an sa tsarabar Fas, da ita da korin leda duk ɗaya.

Gwaggon Yara:
To abinci ba yaji ai sai mara lafiya.

Hajiya Ta Fagge:
A raba gardama mana. A daka yaji mai kyau a ajiye a gefe, ko a yi 'yar miyar attaruhu da albasa, mai so ya ɗiba. Zancen zaƙi kuma, ki yi kashi biyu cikin uku mai gishiri, sauran mai zabibi, ki yanka su a faranti daban ki faɗa wa mutane. Ita mai ziyarar ai ta ci irinsa a can, za ta ji daɗi an tuna mata.

Baban Sadiƙ:
Shawarar Hajiya ta yi. Amma ko wanne za a cusa, ga inda aikin yake. Kazar gidan gona za ki nema, mai ƙirji cike. Kazar Hausa ta fi daɗi a farfesu, amma ƙirjinta siriri ne kuma da tauri, ba za ta naɗu ba. Ki kwantar da tsokar a katako, ki dafa ta da tafin hannu, ki shigar da wuƙa ta gefe kamar za ki raba ta biyu amma kada ki ƙarasa, sai ki buɗe ta. Ki rufa mata leda ki bubbuga da muciya ko gindin kwalba a hankali, daga tsakiya zuwa baki, har kaurin ya daidaita, kamar rabin santimita ko sama kaɗan. Wannan bugun ba don laushi kaɗai ba ne. In wani gefe ya fi wani kauri, siririn zai bushe kafin mai kaurin ya nuna.

Sai ki murza mata gishiri, yajin, dakakkiyar tafarnuwa, mai cokali biyu da ruwan lemun tsami kaɗan. Awa biyu a firij ya wadatar. In kwana za ta yi, ki bar lemon sai da safe, don tsami in ya daɗe a kan tsokar kaza yana sa ta yi fari ta saki jiki.

Abin cushewar dole ya zama dafaffe, ya huce, kuma ba ruwa a jikinsa. Wannan ukun kada a yi wasa da su. Hanta da ƙundu a soya su tukuna. Albasa a bar ta kan wuta kaɗan-kaɗan har ruwanta ya ƙone ta yi laushi. In za ki sa alayyahu, ki matse shi sosai. Duk ruwan da ya rage a ciki tururi zai zama, shi ke fasa naɗin a cikin mai, man ya yi ta tartsatsi yana fallatsa wa mutum. Kuma kada a yi zari, babban cokali biyu ya ishi ƙirji ɗaya. Ki bar fili a baki-baki, ki lanƙwaso gefe biyun ciki, ki naɗe tam, ki soke bakin da tsinken sakace. Ki ƙirga tsinken da kika sa a kowace, don ki cire su duka kafin a kai gaban mutane, musamman da yake akwai yara.

Daga nan fulawa, ki kakkaɓe, sai ƙwai, sai garin burodi, ki danna shi da hannu ya kama. Ki mayar firij minti 30 kafin suya. Masu cewa ɓawonsu na zubewa a kasko, yawanci wannan hutun suka tsallake.

Amaryar Bana:
Baba, garin burodin na kanti dole? Ya yi tsada yanzu.

Baban Sadiƙ:
Ko kusa. Burodin jiya ki yayyanka ki shanya ko ki gasa sama-sama ya bushe ƙayau, ki daka a turmi ki tankaɗe da rariya mai faɗin ido. Illa ɗaya, burodinmu na nan akwai sukari da yawa, yana saurin yin duhu a mai. Ki nemi marar zaƙi, in ba ki samu ba ki rage wuta.

'Yar Maraɗi:
Mu nan bagat, dogon burodin nan irin na Faransa, muke busarwa, ba ta da sukari, tana yin ja mai kyau. Maman Walid, game da rashin wuta, ga yadda nake yi ba tare da obin ba. In na naɗe kazar, kafin fulawa da ƙwai, sai in ƙunshe kowace tam in jera a madambaci in turara kamar minti 20. In sauke ta huce sarai, in goge danshin da tsumma mai tsabta, sannan fulawa, ƙwai, burodi, in soya. Tunda cikin ya riga ya nuna, suyar ta ɓawo ce kawai, minti biyu ko uku kowane gefe. Turarawar kuma tana sa naɗin ya kama kansa, ko tsinke ba na sawa. Ga shi kina iya turarawa tun daren Juma'a.

Ɗalibar Rabat:
Wannan ma ya fi kusa da yadda suke yi, don su ma a tukunyar kuskus suke turara kazar, sannan a sa ta ta yi ja.

Baban Sadiƙ:
Hanya ce mai kyau ga taro, ba na musu. Sai dai ƙirjin kaza ba shi da kitse, wuta biyu tana busar da shi. Ni na fi son a soya ɗanya, minti uku kowane gefe har ta yi ruwan zuma, a tsame a ƙarasa a obin mai digiri 180 na minti 15 zuwa 20, gwargwadon kaurinta. In babu obin, tukunyar gashin kek ta isa: yashi ko gishiri a ƙasa, a ɗora abin da zai ɗaga faranti, a bari ta yi zafi tukuna, a jera kazar a rufe. Murfin a ɗan bar masa kafa tururi ya fita, in ba haka ba ɓawon zai yi laushi.

'Yar Maraɗi:
Malam, tawa ba ta bushewa, don a ƙunshe take, romonta bai zuba. Kuma mace ɗaya da baƙi ashirin ba ta da lokacin gadin tukunyar yashi.

Ummu Hanan:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in faɗi abin da ya dame ni a zancen. Hatsarin kaza mai cushe shi ne waje ya yi kyau ciki bai nuna ba. Ɗanyar kaza na ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, kuma ruwanta yana tsiyaya cikin abin da aka cusa. Sai tsakiyar naɗin ya kai digiri 74 ake samun kwanciyar hankali. Mai abin awon zafi ta soka har tsakiya. Wadda ba ta da shi ta sadaukar da mafi kauri, ta yanka ta biyu: naman ya zama fari har ciki, ruwan da ke fita garau ba ja-ja ba, cushen kuma yana tururi. Jan ɓawo ba shaida ba ne ko kaɗan. Saboda haka ga wadda ba ta da tabbacin wuta, hanyar 'Yar Maraɗi ta fi min kwanciyar rai, ko da za a rasa ɗan laushi. Roƙona biyu: a ƙunshe da ganyen ayaba ko takardar gashi, ba baƙar leda ba, kuma in an turara da dare, tana hucewa a sa ta a sanyi, kada ta kwana a kicin da zafin garin nan. Katako da wuƙar da suka taɓa ɗanyen nama a wanke da sabulu kafin su taɓa kayan salak. Ragowar ƙwai da garin burodin da aka tsoma kaza a ciki a zubar.

'Yar Maraɗi:
Da ganyen ayaba nake yi, Anti, irin na alala.

Amaryar Bana:
To mu da ba mu da suruka a Fas fa? Akwai yadda za a haɗa yajin a nan?

Hajiya Ta Fagge:
Yawancinsa yana Kasuwar Kurmi da Rimi, 'yata. Citta, kurkur, kirfa, masoro, kanumfari, gyaɗar ƙamshi, duk namu ne na kullum. Kumin da 'ya'yan kusbara ne sai wajen masu kayan ƙamshin Larabawa ko manyan kantuna.

Ɗalibar Rabat:
Ga awon da nake yi in na zo hutu, da ƙaramin cokali: citta 2, kumin 2, 'ya'yan kusbara 2, garin busasshen tattasai marar zafi 2, kurkur 1, masoro 1, kirfa 1, gyaɗar ƙamshi rabi, kanumfari ƙwaya 5. Kumin da kusbara a ɗan gasa su a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi kafin a daka, sauran ba sai an gasa ba. Ba zai zama irin na masu shagon Fas ba, don su wasu har busasshen furen wardi suke sawa, amma zai kai ki inda kike so. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne citta mai 'ya'ya, wadda muke sa wa yajin jego, tana cikin haɗin wasu masu shagon. Ba ta fita a ƙasarsu, daga Afirka ta Yamma take, tun zamanin ayarin raƙuma ake haura Sahara da ita. In kina da ita ki daka 'yan ƙwayoyi ki zuba.

Gwaggon Yara:
Kimba fa? Ni ba na yaji ba kimba.

Ɗalibar Rabat:
A wannan dai a haƙura da ita, Gwaggo, tana da ɗaci da ƙamshin hayaƙi, za ta danne kirfa da kumin. Za'afaran kuma kada kowa ya wahalar da aljihunsa. Na gaske a yankin Taliwin ake nomansa, zare uku kacal ke cikin kowane fure, da hannu ake tsinka, shi ya sa yake da tsada haka. Mai arha da ake sayarwa a ƙulle yawanci rini ne. Kurkur ya isa ya ba da launi.

Maman Walid:
Lemon gishirin nan fa, ƙanwata? Ba a kawo min shi ba.

Ɗalibar Rabat:
Na gaske sai ya yi kamar wata guda a kwalba, ana tsaga lemon gida huɗu a cika shi da gishiri a danna har ruwansa ya rufe shi, don haka ba zai riski Asabar ba. Ki nemi babban lemun tsami mai ruwan ɗorawa, ki kankare saman ɓawon kawai banda farin, ki murza da gishiri ki zuba a cushen. Ƙananan koren nan namu ruwansu ya yi, amma ɓawonsu ɗaci gare shi in ya ji wuta. Zaitun kuma ki ɗauraye shi, ki rage gishirin haɗin, don shi ma da nasa yake zuwa. Almon in ya yi tsada, soyayyar gyaɗa ko kashu a farfasa, ba a niƙe ba.

Amaryar Bana:
Wata tambayar, in aka sa garin ƙuli a madadin burodi, irin na tsire?

Baban Sadiƙ:
A mai zai ƙone nan da nan, don ƙuli ya riga ya soyu sau ɗaya. Tsire a gefen wuta yake gasuwa, ba a cikinta ba. In gashi za ki yi a obin ko tukunya, ki haɗa ƙuli kashi ɗaya da burodi kashi uku, ki shafa mai a sama, yana daɗi sosai. Amma ɗanɗanon gyaɗar zai rinjayi kayan ƙamshin, ta tashi daga kazar Maroko.

Hajiya Ta Fagge:
Ni da cinya nake yin tawa ma, a zare ƙashin a buɗe. Ta fi ƙirji romo, kuma ko an turara an soya ba ta bushewa. Ga masu bin hanyar madambaci ita zan ce su saya.

Baban Sadiƙ:
Wannan gaskiya ne, Hajiya, cinya ta fi jure wuta biyu. Sai dai a cire fatar kafin a sa fulawa, don a ƙarƙashin burodi ba ta soyuwa, haka za ta zauna da santsi. Kuma a ƙara mata kamar minti biyar a turare, ta fi ƙirji jinkirin nuna. In an tsame daga mai a bar ta ta huta minti biyar a kan matsami kafin a yanka, da wuƙa mai kaifi, a karkace, in ba haka ba cushen zai zube a faranti.